Reno Galea, Mai Biyan Tarar Jemagu

A yadinmu na kamfanin wutar lantarki a garin Mackay, duk wanda ya kashe wa mutane wuta da kuskurensa shi zai kawo kek ranar Juma'a. Da can katan ɗin giya ne. Da kamfani ya hana shigowa da kwalba cikin yadi sai tarar ta koma kek, a ci lokacin shayin hantsi, mai laifin yana zaune a ƙarshen tebur ana caccakarsa. Ba a rubuta dokar nan a ko'ina ba, amma na san mutanen da suka manta ranar haihuwar matansu ba su manta da ita ba.

Aikinmu gwada rile. Na'ura ce da ke zaune cikin kabad ɗin ƙarfe a tashar rarraba wuta, ba abin da take yi sai sauraron layi. In bishiya ta faɗa kan waya, ita ce za ta umarci bireka ya katse wutar kafin taransifoma ta ƙone ko wani ya rasa ransa. Tana iya shekaru ba ta motsa ba, don haka ba wanda ya san ko tana da rai sai an gwada. Gwajin kuwa ƙarya ce zalla. Mu zo da akwatin gwaji, mu ɗura mata wutar da ta yi kama da ta hatsari, mu ga ko za ta yi ihu a kan lokaci. Amma kafin ka yi mata ƙaryar sai ka zare 'yan mahaɗan da ke tsakaninta da bireka. In ka manta, ita ta yarda da ƙaryarka, bireka ya yarda da ita, rabin gari ya rasa firji da fanka. Daga nan sai kek.

Ba wanda ya biya tarar nan kamar Reno Galea.

An haife shi a gonar rake a Habana, inda kakansa ya sauka daga Malta da adda a hannu. Ubansa ma rake ya yanka har injin yanka ya zo ya kore shi. Reno ya gaji faɗin kafaɗarsu da gajartarsu da hannayen da ba sa shiga safar da kamfani ke rabawa. Duk da haka ban taɓa ganin mai taɓa waya da ladabi irinsa ba. Ni ce abokiyar tafiyarsa, mota ɗaya muke shiga tun ina sabuwa a aikin, kuma na gaji da kallonsa yana zare mahaɗi, ya ɗora yatsa a gurbinsa, ya faɗi sunansa a fili, ya juyo ya sa ni ma in faɗa. Yakan gaishe da rile kafin ya taɓa ta. Tsofaffin rilen nan masu faifai mai juyawa yana kiransu 'yan mata, sababbin masu allo kuma yana ce musu 'yan boko. A gabana bai taɓa kashe wa ko da kaji wuta ba.

To daga ina tarar take fitowa? Layukanmu dogaye ne, suna ratsa gonakin rake da fadamu. Wuta takan ɗauke ta dawo ba a san dalili ba. Wani lokaci tsaka ce ta shige inda bai kamata ba, wani lokaci koren kwaɗo, ko hayaƙin gonar da aka ƙona, ko jemage ya buɗe fukafukansa tsakanin wayoyi biyu. In an zagaya ba a ga gawa ba, sai a zauna a teburin shayi ana tambayar juna. A nan Reno zai yi gyaran murya, ya sosa ƙeya, ya ce ai shi ya gwada rilen nan watan jiya, wataƙila ya bar ta da saurin fushi. Ba ya cewa tabbas. Wataƙila kawai yake cewa, yana kallon kofinsa. Tsohon shugabanmu Merv, wanda ya fi son zaman lafiya da kek a kan bincike, sai ya ce to an ji, ya rubuta sunan Reno, a tashi.

Ranar Juma'a Reno ya shigo da faranti lulluɓe da tawul, ya ce Noreen ta taimaka masa. Noreen matarsa ce.

Sauran mutane in tara ta hau kansu kanti suke zuwa su sayo abin da ke cikin roba, mai ɗanɗanon katifa. Abin da ke fitowa daga gidan Galea kuwa wani abu ne daban. Lamington, wani kek mai kusurwa huɗu da cakulan ya ratsa har ciki, kwakwar da ke jikinta an kankare ta da hannu. Pastizzi, irin samosar mutanen Malta, mai ɓawo kamar takarda, in ka ciza sai rigarka ta cika da ɓurɓushi. Akwai wani kek na lemun tsami da ya sa Clarrie Doolan, direban babbar motarmu mai ƙugiya, ya yi shiru har ya gama yanki guda, abin da matarsa ta ce ita ba ta taɓa samu ba.

Da ya haɗiye sai bakin ya dawo. Clarrie ya ce da Reno ya iya aikinsa kamar yadda Noreen ta iya nata, da tuni duk mun rame. Ya ce shi addu'arsa kullum Allah ya ƙara wa Reno mantuwa. Ya taɓa ba da shawarar a kori mijin a ɗauki matar. Reno yana zaune a ƙarshen tebur, kai a sunkuye, yana shan zagi. Amma ni da nake gefensa na lura kunnensa ba ya kan zagin. In wani ya ce kek ɗin yau ya ɗan bushe a gefe, sai Reno ya ɗago.

"Wane gefen?"

"Oho. Gefe dai."

"A'a, faɗa min, mutumina. Sai in gaya mata."

Abu na biyu da na lura da shi, kurakuran Reno suna bin kakar 'ya'yan itace. Lokacin sanyi, in sitiroberi ya cika kasuwa, sai ya yi kuskure. In ayabar bayan gidansa ta nuna gaba ɗaya, sai ya yi kuskure biyu a jere. Ga kuma wasu siraran tabon ƙuna a bayan hannunsa, a miƙe kamar an ja su da rula. Ya ce ƙarfen narka dalma ne. Na daɗe ina riƙe ƙarfen narka dalma, ban taɓa ganin wanda ke ƙona mutum a layi biyu masu tazara ɗaya ba. Ragar cikin tanda ce kaɗai ke yin haka.

Ban ce masa komai ba. Ina son kek ɗin.

Amma a dogayen tafiye-tafiyenmu nakan juya abin a raina. Me zai hana mutum ya gasa kek ya kawo kawai? Sau ɗaya ya ba ni labarin ranar da ubansa ya dawo daga gona ya tarar da shi, yana yaro, hannu dumu-dumu cikin ƙullun mahaifiyarsa. Tsohon bai doke shi ba. Ya tambaye shi ne kawai ko a sayo masa siket. Reno ya ba da labarin yana dariya, ya kuma ce wai ƙanensa ne abin ya faru da shi, ya manta a farkon labarin ya ce shi ne. Wannan dalili ne, amma ban yarda shi kaɗai ba ne. Tsohon ya daɗe a kabari, kuma yau maza na gasa burodi a talabijin ana tafa musu. Abin da nake zato shi ne, Reno ya san sana'arsa fiye da kima. In ka miƙa wa mutum kek ka ce ni na yi, zai ce ya yi daɗi ko da siminti ne. In kana son jin gaskiyar rile, ƙarya kake ɗura mata. Reno ya ɗora mu a kan akwatin gwaji shekara da shekaru, muna yi masa ihu a kan lokaci, ba mu sani ba.

Sai Merv ya yi ritaya, aka kawo mana Delia Prasad daga Brisbane. Injiniya ce mai magana a hankali, mai cin kek da cokali mai yatsu. Ba ta zo da faɗa ba. Ta ci lamington ɗin Juma'arta ta farko ta yaba, ta ci na biyu ta yaba, sannan ta tambaye ni a ɓoye yadda aka yi mutum ɗaya ya tara kurakuran da suka fi na sauran yadin a haɗe kuma har yanzu yana riƙe da izinin buɗe kabad mai wuta. Na ce mata Reno ƙwararre ne. Ta ce ita ma haka take gani in ta kalli hannunsa, amma ba haka take ji ba in ta saurari bakinsa.

A watan Nuwamba mangwaro ya nuna, ana kuma tsakiyar matsar rake. Wata Talata da asuba layin da ke kai wuta wata masana'antar sukari ya ɗauke. Labarin ya iso yadi guntu-guntu, da farko an ce ɗan ƙyaftawa ne kawai. Reno, wanda na san bishiyar mangwaron bayan gidansa ta yi nauyi har rassan na taɓa ƙasa, bai jira ƙarshen labarin ba. Ya yi gyaran murya, ya sosa ƙeya, ya ce shi ya gwada rilen nan kwanan baya, wataƙila.

Kafin azahar sauran labarin ya iso. Injinan matsa sun tsaya cak da rake a bakinsu, ruwan sukari ya fara daskarewa a bututu, jiragen ƙasa masu ɗaukar rake sun yi layi a rana. Manyan masana'antar sun kira manyanmu, manyanmu sun kira Delia. Wannan karon ba maganar tebur ba ce. Delia ta kira Reno ofis, ta bar ƙofa a buɗe, don haka duk mun ji. Ta ce in har saitinsa ne ya jawo wannan, ranar Juma'a za ta karɓi izininsa, ya koma sito yana miƙa wa mutane kusoshi har ya yi ritaya. Ta ce ba ta so, amma ba za ta iya tura mutumin da ya ce da bakinsa yana yawan mantuwa ya tsaya gaban wuta mai kisa ba.

Reno ya fito fuskarsa kamar an zare masa mahaɗi. A mota bai kunna rediyo ba. Na ce masa ya koma ya ce mata ba shi ba ne, ya ce mutum ba ya janye maganarsa. Na ce ai wataƙila ya ce, ba tabbas ba. Ya ce in ya janye wannan, za ta tambayi sauran. Daga nan ya juya yana kallon rake ta taga, ni kuma na ƙyale shi, don na ga lissafin da yake yi: sito a gefe guda, teburin shayi ya san gaskiya a ɗaya gefen, kuma wallahi bai san wanne ya fi tsoro ba.

Washegari Delia ta ce za ta bi mu tashar ta ga gwajin da idonta. Ta zauna a baya tsakanin akwatin gwaji da kular ruwa. A bakin shingen tashar akwai tsofaffin bishiyoyin mangwaro na wata gona da aka bari, ƙasa duk ɓawo da ƙwallo da aka tsotse aka yar. Delia ta tsaya ta kalli ƙasan, ta ɗaga kai ta kalli wayoyin da suka wuce ta saman rassan.

A ciki Reno ya gaishe da rilen ƙasa-ƙasa don kada baƙuwa ta ji. Ya zare mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa, ya faɗi suna, na maimaita. Ya ɗura wutar. Rilen ta yi ihu daidai inda ya kamata. Delia ta ce a sake da wuta kaɗan, rilen ta yi shiru kamar yadda ya kamata. Aka juya ta ta kowace fuska, ba ta yi gaggawa ba, ba ta yi nawa ba. Ina kallon Reno yana ƙoƙarin ɓata fuska, amma ƙirjinsa sai ƙara fitowa yake.

Delia ta jingina da bango. "Reno, ɗaya daga cikinku yana yi min ƙarya, kai ko ita. Ka juya ka kalle ta, ka ce min ka saita ta ba daidai ba. In ka faɗa, na yarda da kai."

Ya juya ya kalli rilen. Irin tsofaffin ce, 'yan matansa, faifanta na sheƙi a bayan gilashi don shi yake goge shi. A teburin shayi ya sha yi mata sharri, amma can tana nesa.

"Ba ta da laifi," ya ce.

"Kai fa?"

"Ni ma."

"Na watan Yuli fa? Da na Satumba?"

Ya ce waɗannan ma wataƙila ba shi ba ne. Ta ce ta gaji da wataƙila. Ya ce to, ba shi ba ne. Muna fitowa ta nuna mana abin da ta hango tun da muka iso: can saman falwaya ta uku, wani baƙin abu na rataye kamar tsohuwar lema. Jemage ne, ya zo cin mangwaro ya rungumi waya biyu.

A hanyar dawowa ta ce saura tambaya ɗaya, me ya sa. Reno ya ce shi dai yana son a zauna lafiya a yadi. Delia ta ce to, ba komai, dama jiya da yamma ta haɗu da Noreen a kulob ɗin masu wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa, ta roƙe ta sirrin lamington ɗin nan. Na ji motar ta ɗan karkata, ko da yake ni ke tuƙi. Ta ce Noreen ta fara da cewa sirrin gida ne, amma da ta ji maganar sito sai ta ajiye kofinta ta ce ita rabonta da kunna tanda tun kafin a haifi ɗansu na fari, ba a ma barinta ta taɓa. Noreen ta ce ta ji daɗin yabon, har a kanti ana tare ta, har an taɓa roƙonta ta yi alƙalanci a gasar kek ta baje kolin gari ta ce idonta na ciwo. Amma in aka mayar da tsohon nan sito, zai riƙa dawowa gida da wuri da fuska a murtuke, ita kuma ba ta shirya wa wannan ba.

Reno ya tambaya ko dole ne yadi ya ji. Delia ta ce dole yadi ya ji cewa kurakuran ba nasa ba ne, don ba za ta bar mutane su ci gaba da ɗora wa rile laifin jemage ba, wata rana wani zai je ya sassauta na'ura mai lafiya a kan maganarsa. Sauran kuwa, ta ce, nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi.

Ranar Juma'a na zaci ba zai kawo komai ba, tunda ba shi da laifin da zai biya. Ya shigo da faranti lulluɓe da tawul. Kek ɗin mangwaro ne, hawa biyu, an jera yankan mangwaron a sama kamar fukafukai. Delia ta yi bayaninta a taƙaice: rilen lafiyarta ƙalau, jemage ne, kuma yawancin na baya ma ba Reno ba ne, izininsa na nan. Clarrie ya dubi kek ɗin ya dubi Reno, ya ce to in ba shi da laifi, wannan na mene ne, ko Noreen ce ta kashe wutar?

Reno bai zauna a ƙarshen tebur ba. Yana tsaye, wuƙa a hannu.

"Noreen ba ta iya dafa ƙwai ba," ya ce. "Ni nake yi. Duka."

Clarrie ya ajiye farantinsa a hankali. Abin da ya dame shi ba ƙaryar ba ce. Ya ce shi fa duk Kirsimeti yana aika wa Noreen furanni. Ya ce ya taɓa gaya wa matarsa a gaban baƙi ta je ta koyo a wurin Noreen, abin da ya jawo masa kwana a kujera. Ya ce ashe duk kalaman da ya ɓata, a kan wannan gajeren mai gashin kunne suke sauka. Sannan ya yanki kek ɗin, ya tauna yana harararsa, ya ce ya cika sukari, ƙasan kuma ya jiƙe.

Reno ya matso. "Ƙasan gaba ɗaya, ko tsakiya?"

"Tsakiya, tsohon banza. Ƙaro min."

Na ga kafaɗun Reno sun sauka. Abin da yake tsoro ashe ba dariya ba ce, ladabi ne. Ya ɗauka daga yau za a riƙa ce masa ya yi daɗi ana kallon ƙasa. Ya manta da wa yake aiki.

Saura matsala ɗaya, Clarrie ne ya tayar da ita da baki cike: in Reno ya daina kuskure, wa zai riƙa kawo kek? Dokar yadi tara ce, ba kyauta ba, kuma shi ba zai ci kyauta daga hannun namiji ba. Delia ta goge cokalinta ta ce ita a fahimtarta dokar ba ta canza ba, wanda ya kashe wuta shi ke biya. Wannan karon jemage ne. Tunda marigayin ba shi da halin zuwa, sai a samu wanda zai tsaya masa.

Tun daga ranar Reno ne wakilin jemagu a yadinmu, da tsaka, da kwaɗi, da duk wata dabbar da ta taɓa waya. Sharaɗin Delia shi ne sai an ga gawa, ko aƙalla gashi. Shi ya sa yanzu in muna tafiya a mota idonsa ba ya kan hanya, yana saman falwaya. Makon jiya ya sa ni na taka birki a tsakiyar gonar rake don ya hango wani baƙin abu na lilo a waya. Ya fita ya tsaya a ƙarƙashinsa, hannu a goshi, ya daɗe yana dubawa. Ya dawo ya rufe ƙofa ya ce leda ce.

"Kuma ga abarba ta nuna," ya ce.